Me ya sa ɗaukar yara riƙo zuwa ƙasashen waje ya bunƙasa, sannan ya durƙushe?

Tambaya: A shekarun baya ana yawan jin labarin Turawa da Amurkawa suna zuwa ƙasashe irin su Habasha da Sin suna ɗauko yara, kotu ta mayar da su 'ya'yansu. Yanzu da wuya ake jin irin wannan labari. Shin marayu ne suka ragu a duniya, ko kuwa akwai dalilai na siyasa da tattalin arziki?

Amsa: Malama, yawan marayu bai taɓa zama abin da ke yanke adadin yaran da ake fitarwa daga wata ƙasa zuwa wata ba. A shekarar 2004, lokacin da harkar ta kai ƙololuwa, an fitar da yara kimanin 45,000 a duniya baki ɗaya, kuma Amurka kaɗai ta karɓi kusan 23,000 daga cikinsu. A shekarar 2023 yaran da suka shiga Amurka ta wannan hanya 1,275 ne. Babu wani ci gaba da aka samu a rayuwar marayun duniya da zai haifar da irin wannan faɗuwa cikin shekara 20. Abin da ya sauya shi ne shawarar gwamnatoci da kuma hanyoyin da kuɗi ke bi. Talauci yana nan a kowane sashe na labarin, amma ƙasashe matalauta da yawa ba su taɓa barin a fita da yaransu ba, alhali Koriya ta Kudu ta ci gaba da fitar da nata har bayan ta shiga sahun masu arziki. Saboda haka duk inda aka ga yara suna fita da yawa, abin tambaya shi ne wace gwamnati ce ta buɗe ƙofar, don me ta buɗe ta, kuma wa ke amfana da zamanta a buɗe.

Ya kamata a fara gyara wata fahimta game da alƙaluman marayu, domin an yi amfani da su sosai wajen tallata harkar. Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa a 2015 akwai marayu kimanin miliyan 140, amma wannan adadi ya haɗa da duk yaron da ya rasa uwa ko uba. Waɗanda suka rasa iyaye biyu kimanin miliyan 15 ne, kuma galibinsu suna hannun kakanni da sauran dangi. Mafi yawan marayun ma sun haura shekara biyar, alhali abin da masu neman ɗa suka fi so tun asali shi ne jariri mai ƙoshin lafiya. A gidajen marayu kuma, ƙiyasin ƙungiyoyin kare haƙƙin yara ya nuna cewa kusan yara takwas cikin goma suna da uwa ko uba a raye, an kai su ne don su sami abinci ko makaranta ko magani. Wannan giɓi da ke tsakanin yaran da ke buƙatar iyali da yaran da ake nema shi ne asalin yawancin ɓarnar da aka yi.

Ta ɓangaren masu karɓa, buƙatar ta samo asali ne daga sauyin da aka samu a gidajensu. Kafin shekarun 1970, ma'auratan da ba su haihu ba a Amurka da Yammacin Turai suna samun jarirai a cikin ƙasarsu, yawanci daga 'yan matan da suka haihu ba aure, waɗanda kunya da matsin iyaye suka sa su rabu da abin da suka haifa. Da magungunan hana ɗaukar ciki suka yaɗu, aka halasta zubar da ciki a ƙasashe da dama, gwamnatoci kuma suka fara tallafa wa uwar da ke rainon ɗanta ita kaɗai, sai irin waɗannan jarirai suka yi ƙaranci. A daidai wannan lokaci mata suka riƙa jinkirta aure da haihuwa, matsalar rashin haihuwa ta ƙaru. Hankali sai ya koma waje. Gwamnatocin ma sun taimaka: tun ƙarshen shekarun 1990 Amurka take yi wa wanda ya ɗauki yaro rangwamen haraji, wanda ya haura dala 16,000 a 2024, kuma a shekarun 2000 manyan majami'u a can sun mayar da ɗaukar maraya daga ƙetare wani nau'in aikin ibada da ake wa'azi a kansa, ana tara wa iyalai gudummawa.

Koriya ta Kudu ce ta kafa tsarin da sauran ƙasashe suka bi, kuma a nan ne aka fi ganin hannun gwamnati ƙarara. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, an sami yara da yawa da sojojin ƙetare suka haifa da matan ƙasar, gwamnatin Shugaba Syngman Rhee kuma ba ta son ganinsu a cikin al'ummar da take alfahari da cewa jininta ɗaya ne. A 1955 wani Ba'amurke daga jihar Oregon, Harry Holt, da matarsa Bertha suka ɗauki yara takwas, daga baya suka kafa ƙungiyar da ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a wannan fanni. Abin lura shi ne, yaran yaƙi sun ƙare amma fitarwar ba ta tsaya ba. Ta ma fi yawa ne a tsakiyar shekarun 1980, inda a 1985 aka fitar da sama da yara 8,000, lokacin da masana'antun ƙasar ke bunƙasa. Yaran wannan zamani yawancinsu 'ya'yan matan da ba su da aure ne da na iyalan da suka faɗa cikin wani hali na wucin gadi. Gwamnatocin soja na lokacin sun zuba dukiyar ƙasa a masana'antu da tsaro, sun bar kula da marasa galihu a hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda su kuma da kuɗin iyayen riƙo na ƙetare suke gudanar da ayyukansu. Duk yaron da ya tafi ya rage wa baitulmali nauyi, ya shigo da kuɗin waje, ya kuma ƙara danƙon zumunci da Amurka da ƙasashen Turai a zamanin yaƙin cacar baka.

Abin da ya rage gudun wannan harka a Koriya kunya ce a idon duniya. Tun a shekarun 1970 Koriya ta Arewa take yi wa maƙwabciyarta gorin cewa tana sayar da 'ya'yanta, kuma a lokacin gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988 jaridun ƙetare suka yi ta yayata batun, adadin ya faɗi nan take. Jimillar yaran da ƙasar ta fitar ana ƙiyasta ta da kimanin 200,000. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya da sulhu ta ƙasar ta bayyana cewa gwamnati na da alhakin tauye haƙƙin yaran, domin ta bar ƙungiyoyi suna rubuta yaron da iyayensa ke raye a matsayin wanda aka tsinta, wani lokaci ma idan jaririn da aka shirya wa takardu ya rasu ko danginsa suka karɓe shi, sai a tura wani da sunan na farkon.

A Romaniya ma dokar gwamnati ce ta cika gidajen marayu. A 1966 jagoran ƙasar Nicolae Ceaușescu ya haramta zubar da ciki domin ƙara yawan al'umma, sannan a shekarun 1980 ya ƙuntata wa jama'a abinci da wuta don biyan bashin ƙasashen waje. Iyalai suka haifi yaran da ba za su iya ciyarwa ba, suka miƙa su ga hukuma. Da mulkinsa ya faɗi a watan Disambar 1989, gidajen talabijin na Yamma suka nuna halin da yara sama da 100,000 ke ciki a waɗannan gidaje, kuma cikin shekara ɗaya da rabi aka fita da yara kimanin 10,000. Da yawa daga cikinsu ba daga gidajen marayun aka ɗauko su ba, dillalai ne suka shiga ƙauyuka suka karɓo jarirai kai tsaye daga hannun iyaye matalauta, domin yaran da ke gidajen marayu sun girma ko suna da lalura. Rufe ƙofar ma siyasa ce ta kawo shi. Romaniya na neman shiga Tarayyar Turai, Tarayyar kuma ta sa gyaran harkar yara cikin sharuɗɗanta, don haka aka dakatar da fitar da yara a 2001, aka kafa dokar haramci da ta fara aiki a 2005, duk da matsin da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka yi don a saki yaran da 'yan ƙasarsu ke jira. A 2007 Romaniya ta shiga Tarayyar.

Labarin Sin ya fi kowanne girma a wannan zamani. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga wajen 1980 zuwa 2015, ta haɗu da fifita ɗa namiji a karkara, sai aka riƙa yasar da jarirai mata. A 1992 ƙasar ta kafa dokar da ta ba baƙi damar ɗaukar yara, kuma daga lokacin an fitar da sama da yara 160,000, fiye da rabinsu zuwa Amurka. Akwai abin da ba a cika faɗa ba a nan: dokar ta 1992 ta gindaya wa 'yan ƙasa sharaɗin cewa sai wanda ba shi da ɗa kuma ya kai shekara 35 zai ɗauki yaro, domin hukuma na tsoron iyalai za su fake da riƙo su ɓoye 'ya'yan da suka haifa fiye da ƙa'ida. Binciken da masaniya Kay Ann Johnson ta yi a karkarar ƙasar ya nuna cewa iyalai da yawa suna son waɗannan yara mata, doka ce ta hana su. Kowane baƙo kuma yana biyan gidan marayu gudummawar dole ta dala 3,000, wadda daga baya ta ƙaru zuwa kimanin 5,000, kuma a 2005 aka bankaɗo yadda wasu gidajen marayu a lardin Hunan ke sayen jarirai daga hannun masu fataucinsu. Da arzikin ƙasar ya ƙaru, haihuwa ta ragu har yawan al'umma ya fara raguwa a 2022, lissafin gwamnati ya juya gaba ɗaya. A watan Satumbar 2024 Sin ta sanar da cewa ta daina bai wa baƙi yara, in ban da waɗanda ke da dangantaka ta jini ko ta aure da yaron.

A nan ya dace a tsaya a kan batun kuɗi, domin shi ne ke bayyana abin da ke faruwa bayan an buɗe ƙofa. Doka a ko'ina ta hana sayar da yaro, kuma yawancin iyayen riƙo mutane ne masu kyakkyawar niyya da ba su taɓa tunanin ciniki suke yi ba. Sai dai iyalin Amurka kan kashe dala 25,000 zuwa 50,000 kafin yaro ya iso gidansu, kuma wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi yana shiga ƙasar da yaron ya fito a matsayin ladan lauya, kuɗin ɗawainiya, ko gudummawa ga gidan marayu. A Habasha ta 2010, inda abin da ke shiga hannun mutum ɗaya a shekara bai kai dala 400 ba idan aka raba arzikin ƙasa, kuɗin yaro guda ya isa ya sauya rayuwar ma'aikacin da ke sa hannu a takarda. Ƙungiyar da ke shiga tsakani kuma ba ta samun kuɗi sai ta kai yaro, ga dogon layin iyalai da suka riga suka biya kafin alƙalami suna jira. Idan gidan marayu yana samun gudummawa ne gwargwadon yaran da ya bayar, to amfaninsa yana cikin nemo jarirai, kuma mayar da yaro ga uwarsa asara ce a gare shi. Ba sai an sami mugu ko ɗaya a cikin jerin mutanen ba kafin tsarin ya karkata. Albashin kowa ya dogara ne da fitar yara.

Gwatamala ce ta nuna iyakar inda wannan zai iya kaiwa. Wata doka ta 1977 ta ba lauyoyi masu zaman kansu ikon kammala takardun riƙo ba tare da alƙali ya zauna a kai ba, kuma bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1996 harkar ta zama sana'a mai ma'aikata: akwai matan da aikinsu shi ne bin masu ciki a unguwannin talakawa da ƙauyukan 'yan asalin ƙasa suna lallashinsu, akwai masu rainon jariran kafin takardu su fito, akwai manyan otal-otal a babban birni da suka cika da baƙi masu jiran biza. A 2007 sama da yara 4,700 suka tafi Amurka, wato kusan jariri ɗaya cikin kowane 100 da aka haifa a ƙasar. An rufe tsarin a farkon 2008 bayan an tabbatar da satar yara da jabun takardu. Amma buƙatar ba ta mutu ba, kasuwar ce ta tashi ta koma wani gari. A farkon shekarun 2000 yaran Habasha da ke zuwa Amurka ba su kai 200 a shekara ba, a 2010 sun haura 2,500. Kason Afirka a harkar duniya ya tashi daga kashi 5 cikin 100 a 2003 zuwa sama da kashi 20 kafin 2010. An ga irin wannan zagaye a Kambodiya da Biyetnam da Nepal: a buɗe, adadi ya yi tashin gwauron zabo, a gano maguɗi, a rufe, ƙungiyoyin su kwashe kayansu zuwa ƙasa ta gaba.

Yadda maguɗin ke faruwa a ƙasa ba kasafai yake kama da sata ba. Wani mutum da aka sani a gari, wani lokaci ma'aikacin majami'a ko na ƙaramar hukuma, zai zo wurin matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ya ce akwai masu taimako da za su kai ƙaramar 'yarta karatu waje, za ta riƙa aiko da hotuna, idan ta girma ta dawo ta ɗauki nauyin gidan. A kai matar gaban hukuma, a karanta mata takarda da harshen da ba ta ji sosai, ta dangwala yatsa. A fahimtarta ta ba da aron 'yarta ne ga wanda ya fi ta hali, kamar yadda mutane ke yi a sassan duniya da yawa. A dokar ƙasar da yarinyar za ta je kuwa, wannan dangwale ya yanke dangantakarsu har abada, za a ba yarinyar sabon suna da sabuwar takardar haihuwa. Masu bincike sun tarar da irin wannan labari a Habasha da Yuganda da wasu tsibiran tekun Fasifik. Habasha ta rage saurin duba takardu a 2011, sannan majalisarta ta haramta bai wa baƙi yara a watan Janairun 2018, bayan fushin da mutuwar wata yarinya 'yar ƙasar a hannun iyayen riƙonta a jihar Washington ya jawo.

Abin da ya faru a Chadi a watan Oktoban 2007 ya haɗa kusan duk waɗannan abubuwa wuri guda. An kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche suna shirin sa yara 103 a jirgi, suna cewa marayun Darfur ne, har an naɗa wa wasu yaran bandeji don a ɗauka masu rauni ne ake kaiwa asibiti. Iyalai a Faransa sun riga sun biya kuɗi suna jira a filin jirgi. Da hukumomin agaji suka yi wa yaran tambayoyi, sai ta bayyana cewa galibinsu 'yan Chadi ne daga ƙauyukan bakin iyaka, kuma suna da uwa ko uba, waɗanda aka yi wa alkawarin makaranta. Shugaban Faransa na lokacin, Nicolas Sarkozy, da kansa ya je Njamena ya taho da 'yan jarida da wasu daga cikin ma'aikatan jirgin da aka tsare. Kotun Chadi ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, aka mayar da su Faransa, sannan a ƙarshen watan Maris na 2008 Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa, makonni kaɗan bayan Faransa ta mara masa baya lokacin da 'yan tawaye suka kutsa babban birninsa. Ban ga yadda za a raba wannan afuwa da wancan tallafi ba.

Wani lokaci kuma yaran kan zama makamin ramuwa tsakanin gwamnatoci. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, Amurkawa sun ɗauki yaran Rasha sama da 60,000, kuma mutuwar kimanin 20 daga cikinsu a hannun iyayen riƙo ta daɗe tana sosa zukatan Rashawa. Amma haramcin bai zo ba sai a watan Disambar 2012, makonni biyu bayan Amurka ta kafa dokar Magnitsky da ta ƙaƙaba wa wasu jami'an Rasha takunkumi kan mutuwar Sergei Magnitsky, wani masanin harkar haraji ɗan Rasha, a gidan yari. Majalisar Rasha ta mayar da martani da dokar da aka sa wa sunan Dima Yakovlev, yaron da ya rasu a cikin mota a jihar Virginia a 2008, ta hana Amurkawa ɗaukar yaran ƙasar. Ɗaruruwan yara da suka riga suka sadu da iyalan da za su ɗauke su, da yawansu masu naƙasa, suka maƙale a gidajen marayu. Daga baya Rasha ta faɗaɗa takunkumin bisa matsayin ƙasashe kan auren jinsi da sauya jinsi.

Akwai kuma ƙasashen da ba su taɓa shiga harkar ba, duk da yaƙi da talauci, kamar Afghanistan da Yaman da Somaliya. Shari'ar Musulunci ta kwaɗaitar da kula da maraya, amma ta hana a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ahzab. Don haka yawancin ƙasashen Musulmi kafala suka sani, wato ɗaukar nauyin yaro ba tare da sauya nasabarsa ko gadonsa ba, kuma yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace ta a sashe na 20. Dokokin shige da fice na ƙasashen Yamma kuwa an gina su ne a kan riƙon da ke yanke nasaba, shi ya sa hanyar ba ta taɓa faɗi ba. Maroko, wadda ta ɗan buɗe wa baƙi, ta tsaurara a 2012 ta nemi mai ɗaukar yaro ya kasance mazaunin ƙasar.

Ƙoƙarin da duniya ta yi na tsabtace harkar shi ne yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga, Amurka kuma ta fara aiki da ita a 2008. Ta tanadi cewa a fara neman hanyar da yaro zai zauna da danginsa ko da wani iyali a ƙasarsa kafin a duba waje, kowace ƙasa ta kafa hukuma guda da za ta kula da lamarin, kuma a hana cin ribar da ba ta dace ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta fi ta tsauri, domin ta ce fitar da yaro shi ne mataki na ƙarshe. Raunin yarjejeniyar Hague shi ne ba ta ƙayyade kuɗin da za a biya ba, ba ta da kotun hukunta mai laifi, kuma ta ɗora aikin tantance asalin yaro a kan ƙasar da ta fi rauni, inda sau da yawa ko rajistar haihuwa ba ta wadata ba. Ba ta kuma hana ƙasar da ta sa hannu karɓar yara daga wadda ba ta sa ba, shi ya sa Habasha, wadda ba ta taɓa shiga ba, ta zama matattara.

Masana sun rabu biyu kan ko wannan faɗuwa alheri ce. Elizabeth Bartholet ta jami'ar Harvard tana ganin an hukunta dubban yara saboda laifin tsiraru, kuma hujjarta ba ta wasa ba ce. Binciken da aka fara a Bucharest, babban birnin Romaniya, a 2000 kan yara 136 ya nuna cewa zaman gidan marayu yana cutar da ƙwaƙwalwa da girman yaro, kuma waɗanda aka mayar hannun iyali kafin su cika shekara biyu sun fi farfaɗowa. David Smolin, malamin shari'a wanda shi kansa ya gano cewa yara biyu da ya ɗauko daga Indiya an raba su da mahaifiyarsu ne ta hanyar yaudara, yana ganin maguɗin a jikin tsarin yake. Ni na fi karkata ga ra'ayi na biyu, bisa dalili ɗaya: yaran da binciken Bucharest ya nuna sun farfaɗo, iyalai 'yan Romaniya ne suka riƙe su da tallafin kuɗi, abin da ke nuna cewa yaro iyali yake buƙata, ko a ina iyalin yake. Kuɗin fitar da yaro guda zai iya riƙe iyalai da dama tare da 'ya'yansu na shekaru. Duk da haka ban yarda cewa kowace rufewa nasara ce ba, domin akwai ƙasashen da suka rufe ƙofa don kare martaba, ba su ƙara ko sisi a kasafin kula da yara ba, kuma yaro mai naƙasa da ba wanda zai ɗauka a gida shi ya fi kowa asara.

A 'yan shekarun nan ƙasashe masu karɓa ne da kansu suke ja da baya, kuma waɗanda suka tilasta musu su ne yaran da aka ɗauko a shekarun 1970 da 1980, waɗanda yanzu manya ne, wasu lauyoyi, wasu 'yan jarida, wasu 'yan majalisa. Sun koma neman asalinsu da gwajin ƙwayoyin halitta, suka tarar da takardunsu na ƙarya ne. Holan ta dakatar da harkar a 2021 bayan rahoton kwamitin Joustra, wanda gwamnati ta kafa don binciken harkar, ya nuna cewa jami'an gwamnati sun san da maguɗi suka kau da kai, daga baya ta yanke shawarar dainawa baki ɗaya. Ƙungiya ɗaya tilo da ke wannan aiki a Denmak ta sanar da rufewa a farkon 2024, kuma a 2025 kwamitin da gwamnatin Suwidin ta naɗa ya ba da shawarar a daina. Masu neman jariri da ke da hali yanzu sun fi komawa ga dashen ciki a asibiti da hayar mahaifa a wata ƙasa, harkar da ta gaji tambayoyin kuɗi da talauci iri ɗaya. 'Yan yaran da har yanzu ake fitarwa, daga ƙasashe irin su Kolombiya da Indiya, yawancinsu sun ɗan girma, ko 'yan uwa ne da ba a son rabawa, ko masu lalurar da ke buƙatar magani na musamman.

Siyasar ba ta ƙarewa da saukar yaro daga jirgi. Dokar Amurka ta 2000 da ta ba yaran riƙo zama 'yan ƙasa kai tsaye ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka cika shekara 18 lokacin da ta fara aiki a 2001 ba, saboda haka akwai dubban mutane da aka kawo suna jarirai, iyayen riƙonsu ba su cika musu takardu ba, kuma har yau ba 'yan ƙasa ba ne. An mayar da wasunsu Koriya da wasu ƙasashe bayan sun yi laifi, ba su jin harshen wurin, ba su san kowa ba. An sha gabatar da ƙudirin gyara wannan giɓi a majalisar dokokin Amurka tun 2015.